Kaset ɗin adana bayanai: Yadda ake gane ya cika ko da sauran wuri

Gobarar da ta tashi a ofishin Akanta Janar na Tarayya a Abuja ranar 8 ga Afrilu, 2020, ta sa 'yan Najeriya tambaya guda: idan takardu sun ƙone, ina kwafinsu yake? Tambayar ta shafi ma'aikatun gwamnati da ke Dutse kamar yadda ta shafi ɗan kasuwar Limawa mai kamfani da rajista, domin dokar kamfanoni ta 2020 ta wajabta ajiye bayanan kuɗi har shekara 6.

A faɗin duniya, bankuna da manyan hukumomi na zuba irin wannan kwafi a kaset samfurin LTO, saboda yana da araha, kuma ɓarayin intanet ba sa iya kaiwa ga kaset ɗin da ke kulle cikin akwati. Sai dai lambar da ke jikin kwalinsa na iya ruɗin mai saye. LTO-9 na ɗaukar terabait 18 ne. 45 da ake tallatawa ba ya samuwa sai an matse bayanan. Hotuna da bidiyo kuwa yawanci a matse suke tun asali, saboda haka kaset na iya cika tun kafin lokacin da aka zata.

Goge fayil ma ba ya mayar da wurin da ya ci. Kaset na rubutu ne a jere, daga farko zuwa ƙarshe, don haka gurbin ba ya dawowa sai an share shi baki ɗaya.

Hanyar sanin gaskiya ita ce tambayar kaset ɗin kansa. A cikinsa akwai ƙaramar ma'ajiya da ke riƙe adadin abin da aka rubuta da wanda ya rage, kuma manhajar adana bayanai na karanta ta da zarar an saka shi a na'ura. Bayan duba adadin, sai a gwada dawo da wasu fayiloli a tabbatar suna buɗewa, a kuma nesanta kaset daga ƙurar hunturu da zafin bazara.

Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta bai wa kowa damar neman takardun gwamnati. Amma idan kaset ya cika ba a lura ba, aikin kwafi ya tsaya, to takardar kwangilar da ɗan jarida zai nema bayan shekara 5 ba za ta samu ba.