Makarantar Sakandaren Katolika a Kano: Abubuwan da Ya Kamata Ka Sani

Mece ce ita?

Makarantar Katolika mai zaman kanta ita ce wadda Cocin Katolika ya kafa kuma yake kula da ita. Mallakarta ba ta gwamnati ba ce, ba kuma ta wani ɗan kasuwa ba. Ko dai tana hannun dayosis, wato yankin da bishop guda yake shugabanta, ko kuma tana hannun wata ƙungiya ta masu hidimar coci, irin su Sistoci, matan da suka yi alkawarin ƙin yin aure domin su ba da rayuwarsu ga ibada da koyarwa. Sanannen misali a jihar Kano shi ne sakandaren 'yan mata ta St. Louis da ke Bompai. Akwai kuma St. Thomas ta maza.

Yadda ta zo Kano

Turawan mulkin mallaka sun taƙaita aikin mishan a masarautun Musulmi na Arewa, domin kada su ɓata da sarakuna. Shi ya sa limaman Katolika suka fara kafa sansani a Shendam a 1907, nesa da ƙasar Hausa. Da suka iso Kano ma, a wajen ganuwa suka zauna, kusa da Sabon Gari, inda baƙi ma'aikatan jirgin ƙasa da na kamfanoni suke.

Ƙungiyar Sistocin St. Louis, wadda makarantar Bompai take ɗauke da sunanta, a Faransa aka kafa ta a 1842. Ta bunƙasa a Ailan bayan ta isa garin Monaghan a 1859, daga can ne kuma Sistoci suka zo Kano a 1948. A lokacin, yarinyar da ta wuce firamare abin nunawa ce da yatsa a duk faɗin Arewa. Wannan ne nauyin aikin koyar da 'yan mata da suka fara, kuma ya cancanci a riƙa tunawa da shi. Bayan yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, jihohi da dama sun karɓe makarantun mishan, daga baya wasu suka mayar. Kano ta zama cikakkiyar dayosis a 1999.

Me ake koyarwa?

Mutane da yawa suna zaton karatun coci ake yi dare da rana. Ba haka ba ne. Manhajar gwamnati ake bi: shekara 3 a ƙaramar sakandare, shekara 3 a babba, sannan jarrabawar WAEC ko NECO, sai JAMB ga mai neman jami'a. Lissafi da Turanci da kimiyya iri ɗaya ne da na kowace sakandare.

Bambancin yana cikin tsarin yini. A makarantar Katolika ta kwana, ƙararrawa ce ke tashin ɗalibai, ita ce ke kai su aji, ita ce kuma ke zaunar da su nazarin dare a ƙarƙashin idon malami. Kowa yana da wurin sharar da aka ba shi. Ana duba littafin rubutu, ana kuma kiran iyaye idan ɗalibi ya fara ja da baya. Wannan bibiya ce mafi yawan iyaye suke biyan kuɗi dominta.

Addini da asali

Makarantar ba ta ɓoye ko ta wace ce ba: akwai gicciye, akwai addu'a, sunanta ma na waliyyin coci ne. Duk da haka 'ya'yan Musulmi sun daɗe suna karatu a irin waɗannan makarantu. Ya kamata uba ya tambaya tun kafin ya biya kuɗin fom: yaya ake yi da salla da azumi, wane darasin addini yaro zai ɗauka, wace sutura aka yarda da ita?

Ga manomin Madobi, Kura da Bunkure

A yankin da ruwan madatsar Tiga yake shayarwa, kuɗi yana shigowa ne da kakar shinkafa da ta tumatir, alhali kuɗin makaranta sau uku ake neman sa a shekara, kowane zango da nasa. Zangon farko yana farawa wajen Satumba, shinkafar damina ba ta shigo gida ba tukuna. Idan tumatir ya yi kwantai a kasuwar Kwanar Gafan, kwando ya faɗi warwas, zango na gaba ne zai ji a jikinsa. Ban da kuɗin karatu akwai na abinci, da yunifom, da littattafai, da motar zuwa ziyara cikin birni. Gidan da ke son kai yarinya irin wannan makaranta, lissafin shekara 6 zai yi tun ranar farko.