Bayan an ce ba a dace ba: gyaran da mai neman aiki zai yi kafin intabiyu ta gaba

Saƙon yakan zo ta imel, layi biyu ko uku: an gode da zuwanka, amma an ɗauki wani. Sau da yawa ma ba a aiko da komai, sai dai mutum ya ji a gari cewa sababbin ma'aikata sun kama aiki. Abin da ke fitowa daga bakin yawancin matasanmu a wannan lokaci shi ne, "Ai dama sai kana da hanya."

Maganar ba ƙarya ba ce. Akwai guraben da aka riga aka raba tun kafin a buga talla, kuma mai uwa a gindin murhu ba ya cin tuwo gaya. Masu nema kuma sun yi wa guraben yawa. A watan Maris na 2014, mutane wajen dubu 500 suka nemi aikin hukumar shige da fice a kan gurabe da ba su kai 5,000 ba, har turmutsitsi ya ci rayuka a Abuja da wasu garuruwa. Sai dai wanda ya ɗora kowace faɗuwa a kan rashin hanya, zai shiga ɗakin intabiyu na gaba ɗauke da kuskuren da ya kayar da shi a na baya.

Gyara yana farawa ne tun ranar da aka fito daga ɗakin. Kafin a kwanta barci, a ɗauki biro a rubuta duk tambayoyin da aka yi, da amsar da aka bayar, da inda harshe ya sarƙe, da inda mai tambaya ya sake maimaita tambayarsa. Maimaitawar nan alama ce cewa amsar farko ba ta gamsar ba. In ba a rubuta ba, bayan mako guda abin da zai rage a kai ɓacin rai ne kawai.

Yana da kyau kuma a san yadda ake auna mutum. Bankuna da manyan kamfanoni da ƙungiyoyin agaji sukan yi wa kowa tambayoyi iri ɗaya, kowane ɗan kwamiti yana ba da maki a takardarsa. Suna da dalili. A 1998, masana biyu a Amurka, Frank Schmidt da John Hunter, sun tattara binciken shekara 85 kan ɗaukar ma'aikata, suka nuna cewa intabiyu mai tsararrun tambayoyi ta fi hirar kara-zube gano wanda zai iya aiki. A irin wannan zama, ba a ba da maki don fara'a ko tsadar shadda. Misali ake nema: wane hali ka tarar, me aka ɗora maka, me ka yi, me ya biyo baya.

A nan ne nake ganin ƴaƴanmu suka fi asara, kuma abin yana damuna. An rene mu da kunya da kawaici. Yaro nagari ba ya kallon babba ido cikin ido, ba ya yabon kansa. Tarbiyya ce mai daraja a gida, amma ɗan kwamiti ba zai rubuta maki a kan abin da ba a faɗa masa ba. Yarinyar da ta yi bautar ƙasa a wata makarantar ƙauye, ta koyar da aji uku ita kaɗai, ta kuma gyara rajistar ɗalibai da ta tarar a hargitse, in aka tambaye ta gogewarta sai ta sunkuyar da kai ta ce ba ta taɓa aiki ba. Alhali amsar tana hannunta. Faɗin abin da ka yi yadda ya faru ba fariya ba ne, shaida ce aka nema ka bayar.

Don haka a tanadi labarai huɗu ko biyar daga rayuwar gaske, ko daga shagon mahaifi ne, ko ƙungiyar ɗalibai, ko aikin rigakafin shan-inna. A riƙa faɗinsu da baki, da harshen da za a yi intabiyu da shi, a gaban wani yaya ko malami da ba zai ji nauyin gyara maka ba. Da yawa suna da Turancin a rubuce, bakin ne bai saba ba. A naɗi murya a waya a saurara. Amsar da ta wuce minti biyu, galibi ta fara yawo.

Sauran abubuwa ƙanana ne, amma suna kayarwa: zuwa ba tare da sanin aikin ma'aikatar ba, rashin tambaya ko ɗaya in aka ba ka dama, da kushe tsohon wurin aiki. In ta Zoom za a yi, a cika caji, a sayi data, a nemi wurin da sabis yake da ƙarfi tun da wuri.

Sannan kada a ji nauyin aika wa ƴan kwamitin gajeren saƙo na godiya, a roƙi a faɗa maka inda ka gaza. Yawancinsu ba za su amsa ba, amma wanda ya amsa ya rage maka wahalar lalube. Ku kuma iyaye da yayye, in yaro ya dawo ba a ɗauke shi ba, bayan "Allah Ya sa haka ne mafi alheri," ku zaunar da shi ku tambaye shi abin da aka tambaye shi, da abin da ya ce.