Lauyan Ƙwadago da Kare Lafiya a Wurin Aiki: Misalin John Hendy

Idan aka ce dokar ƙwadago, ana nufin dokokin da suka tsara hulɗa tsakanin ma'aikaci da wanda ya ɗauke shi aiki, tun daga albashi da hutu da sallama, har zuwa 'yancin shiga ƙungiya da tafiya yajin aiki. Dokar kare lafiya a wurin aiki kuwa ita ce ta ɗora wa mai kamfani alhakin tabbatar da cewa sana'arsa ba ta halaka ma'aikatansa ko jama'ar da ke hulɗa da shi ba. Waɗannan fannoni biyu Ɗanjuma ne da Ɗanjummai, domin ma'aikacin da ba shi da bakin magana a kan albashinsa, da wuya ya sami bakin magana a kan injin da zai iya cire masa hannu. Rayuwar aikin wani lauya ɗan Ingila mai suna John Hendy ta isa misali a kan haka.

A Ingila lauyoyi kashi biyu ne. Akwai solisita, wanda mai ƙara yake fara zuwa wurinsa ya shirya masa takardu. Akwai kuma barista, wanda ya ƙware wajen tsayawa gaban alƙali, musamman a manyan kotuna. A Nijeriya lauya ɗaya ke yin aikin duka biyun. Hendy barista ne. An haife shi a 1948, ya sami izinin aikin lauya a 1972. Ya yi 'yan shekaru a wata cibiyar taimakon shari'a ta talakawa a unguwar Newham da ke gabashin Landan, ya ɗan taɓa koyarwa, sannan ya koma kotu gadan-gadan. A 1987 aka ba shi muƙamin Lauyan Sarauniya, kwatankwacin muƙamin Babban Lauyan Nijeriya.

Sunansa ya fara fitowa ne a lokacin yajin aikin masu haƙar kwal na 1984 zuwa 1985, inda ya kasance cikin lauyoyin ƙungiyarsu, a daidai lokacin da kotu ta ba da umurnin ƙwace dukiyar ƙungiyar. Sai dai shari'ar da ta fi nuna irin haƙurin da wannan aiki yake bukata ita ce ta wani ɗan jarida na Daily Mail. Kamfanin ya yi alkawarin ƙarin albashi na kashi 4.5 cikin ɗari ga duk wanda ya sa hannu a sabuwar yarjejeniya, wadda ta cire hannun ƙungiya daga cinikin albashi. Ɗan jaridar ya ƙi, aka hana shi ƙarin. A 1995 kotun ƙoli ta Birtaniya ta ce kamfanin bai karya doka ba. Maganar ba ta mutu a nan ba. Hendy da abokan aikinsa suka ɗaukaka ta zuwa Kotun Turai ta Kare Haƙƙin Ɗan'adam da ke Strasbourg a Faransa, wadda a 2002 ta yanke hukuncin cewa dokar Birtaniya ta tauye 'yancin shiga ƙungiya. A 2004 majalisa ta gyara dokar. An shafe fiye da shekara goma ke nan a kan ƙorafin mutum guda.

A fannin kare lafiya kuwa, Hendy ya tsaya wa iyalan mamata da waɗanda suka jikkata a binciken haɗarin jirgin ƙasa guda biyu: na Southall a 1997, inda mutum 7 suka rasu, da na Ladbroke Grove a 1999, inda aka rasa mutum 31. A duka biyun direba ne ya wuce danja. Abu mafi sauƙi shi ne a jibga wa direba laifi a rufe littafi. Aikin lauya a irin wannan zama shi ne ya tono abin da ke bayan kuskuren. A Southall an gano cewa na'urar da ke gargaɗin direba ba ta aiki, amma aka bar jirgin ya tashi. A Ladbroke Grove kuma an tabbatar da cewa danjar tana da wuyar hangowa, an riga an wuce ta sau takwas cikin shekara shida, kuma direban bai cika mako biyu da kammala horo ba. Don ya iya yi wa injiniyoyi da manajoji tambayoyin da za su fito da wannan, dole lauya ya zauna ya koyi yadda birki da sigina suke aiki, tamkar shi ma ɗalibin injiniya ne. Bayan waɗannan bincike an gaggauta sanya wa jirage na'urar da ke taka birki da kanta idan an wuce danja.

Wani abin sha'awa shi ne ƙanensa, Peter Hendy, shi ya shugabanci Network Rail, hukumar da ke kula da layukan dogo na Birtaniya, daga 2015 zuwa 2024. Shi kuwa John, a 2019 aka naɗa shi ɗan Majalisar Dattawan Birtaniya, inda ya gabatar da ƙudurin neman a bai wa masu aikin wucin gadi haƙƙoƙi daidai da na cikakkun ma'aikata.