Wasan Bidiyo: Shashanci Ne Ko Makarantar Koyon Rayuwa?

Duk magidancin da ke da yara masu tasowa a biranenmu ya san wannan rigima. Yaro ya dawo daga makaranta, ko tufafi bai canza ba sai ya rungumi waya, ko ya zame zuwa gidan gem na bakin layi inda ake biyan kuɗi a buga ƙwallo a PlayStation. Uba ya yi faɗa, uwa ta ɓoye caja, gobe a maimaita. Hukuncin akasarinmu shi ne, wannan abu shashanci ne zalla. To amma alƙali ba ya yanke shari'a da jin bakin mutum ɗaya.

Kakanninmu sun san wasa yana koyar da hankali. Wanda ya ƙware a dara ya koyi hangen abin da abokin karawarsa zai yi tun kafin ya motsa hannu. Wasan bidiyo mai ma'ana dara ce ta zamani, kuma babbar fa'idarsa ita ce, fage ne da kuskure ba ya da tsada. A kasuwa kuskure ɗaya kan cinye jari, a kan hanya kan ci rai, amma a nan yaro zai faɗi sau ɗari, ya gano dalili, ya sake dabara.

Mu ɗauki Tetris, wanda Alexey Pajitnov ya ƙirƙira a birnin Mosko a 1984. Tubala ne ke faɗowa, kai kuma kana jera su. Ka bar giɓi a ƙasa, sai sababbi su binne shi, gini ya yi ta tashi har ya kai rufi, wasa ya ƙare. Duk ma'aikacin da ya taɓa barin fayil a kan tebur da sunan sai gobe ya san wannan karatu.

Sai SimCity, wanda Will Wright ya fitar a 1989, inda ɗan wasa ke zama magajin gari. Ya tsawwala haraji, jama'a su yi ƙaura. Ya sassauta fiye da kima, a rasa kuɗin gyaran hanya da na 'yan kwana-kwana. Ya kafa masana'anta kusa da gidaje, hayaƙi ya kori mazauna. Ashe kuwa yaro ɗan shekara 12 yana koyon kasafin kuɗi, da sanin cewa kowace shawara tana da farashi. Wannan tunani ya wuce wasa: a 2012 hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da matsugunai ta haɗa hannu da kamfanin Mojang, mai wasan Minecraft, domin mazauna unguwanni su zana yadda suke son a gyara filayensu, aka kuma soma gwaji a unguwar Kibera da ke Nairobi.

Akwai kuma ƙwarewar hannu da ido. A 2007 Dokta James Rosser da abokan aikinsa a birnin New York sun wallafa bincike a kan likitoci 33 masu tiyatar da ake yi ta ɗan ƙaramin rami, ana kallon cikin jiki a allo. Waɗanda suka taɓa yin wasan bidiyo fiye da awa 3 a mako sun yi ƙarancin kuskure da kashi 37 cikin ɗari a gwajin, kuma sun fi sauri da kashi 27. Adadin likitocin kaɗan ne, don haka ba hujja ba ce ta cewa wasa na mayar da mutum likita, amma ishara ce abar lura. Haka nan a 2011 masu buga Foldit, wasan da Jami'ar Washington ta ƙirƙira, sun haɗa kai ta intanet suka warware siffar wani sinadarin ƙwayar cuta mai dangantaka da ƙanjamau cikin 'yan makonni, bayan ya gagari masana fiye da shekara 10.

Sai dai kada mai karatu ya ɗauka ana wanke wasan ne tas. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da sanya jarabar wasan bidiyo cikin jerin cututtuka, wato idan mutum ya kasa sarrafa kansa, ya fifita wasa a kan sauran lamuran rayuwa, ya kuma ci gaba duk da cutarwar da yake gani. A 2021 ƙasar Sin ta taƙaita wa 'yan ƙasa da shekara 18 wasan intanet zuwa awa 3 a mako. Wasanni da dama an tsara su ne domin su riƙe yaro su tatsi aljihunsa, wasu cike suke da zubar da jini, wasu kuma sun yi kama da caca. Wasan da ya cinye lokacin salla da barci da bitar karatu, babu darasin da zai biya wannan asara.

Abin da ya rage mana, mu iyaye, shi ne mu daina zaɓi tsakanin fasa waya da zuba ido. Mu duba lambar shekarun da ke jikin wasa, kamar 3, 7, 12, 16 ko 18 na tsarin Turai. Mu yanka lokaci, mu tsaya a kansa. Mu zauna kusa da yaro mu tambaye shi: me ya kayar da kai, wace dabara za ka sake? Domin darasi ba ya fitowa daga allo da ƙafarsa, sai an jawo shi. Yaron da ya iya kasafin birni a kwamfuta, a damƙa masa kuɗin cefanen mako guda a ga yadda zai yi. Idan ya dawo da canji da lissafi, to wasan ya biya kuɗinsa. Allah Ya shirya mana zuri'a.