Awon Tafiyar Masu Cutar MS: Agogo Kaɗai Bai Isa Ba

Cutar da likitoci ke kira MS tana samuwa ne idan garkuwar jiki ta juya tana cin rigar da ke lulluɓe da jijiyoyin ƙwaƙwalwa da laka. Kamar wayar lantarki ce da ɓera ya gwaigwaye robarta: saƙo ya makara, ko ma ya ƙi isa. Likitan nan na Faransa, Jean-Martin Charcot, shi ya fayyace ta a 1868, kuma ƙididdigar 2020 ta nuna mutum kusan miliyan 2.8 ke fama da ita a duniya, akasarinsu mata. Da yake tafiya na cikin abin da takan fara taɓawa, da ita likita ke gane ko ciwo na gaba ko magani na aiki.

Tsohon ma'aunin shi ne na John Kurtzke, ɗan Amurka, wanda ya fito a 1983. Yana tashi daga sifili zuwa 10. Wanda ke iya mita 500 ba hutu ba sanda yana mataki na 4. Mai buƙatar sanda kafin ya yi mita 100 yana na 6. A na 7 kuwa sai keken guragu. Matsalarsa, sau da yawa tambayar majinyaci ake yi, alhali ko mai lafiya da wuya ya faɗi mita nawa ne daga gidansa zuwa kasuwa.

Shi ya sa aka koma ga agogo. A auna ƙafa 25, wato mita bakwai da rabi da 'yan kai, majinyaci ya taka da iyakar saurinsa sau biyu, a ɗauki matsakaicin lokacin. Idan ya canza da kashi 20 cikin ɗari, an san ba sa'a ba ce. Da wannan awon aka gwada maganin Ampyra kafin Amurka ta amince da shi a 2010, kuma ya nuna cewa ba kowa maganin ke ƙara wa sauri ba.

Sai dai a ganina, nan ne ake yaudarar kai. Mutum kan daure ya yi mita bakwai a shimfiɗaɗɗen barandar asibiti mai sanyi, a rubuta masa lafiya lau, amma da ya yi minti biyar a hanya sai ƙafa ta fara jan ƙasa. Gajiya ce ke tona asirin wannan cuta, zafi kuma na tsananta ta na ɗan lokaci, abin da aka sa wa sunan Wilhelm Uhthoff, wanda tun 1890 ya lura cewa motsa jiki kan tsananta ta. Don haka ake ƙara awon tafiyar minti shida, da wasu tambayoyi 12 da aka fitar a Ingila a 2003, inda majinyaci ke faɗin yadda ya ji da hawa bene, tsayuwa da gudu cikin mako biyun da suka wuce.

Mai jinyar irin wannan majinyaci, ka riƙa rubuta inda ƙafarsa ke gazawa, da ƙarfe nawa, da yanayin zafin ranar. Ka kai wa likita takardar ranar ganinsa.