Layin wa, hannun wa? Yadda ake kare wanda aka tuhuma da laifin intanet

Idan aka damfari mutum ta waya ko ta intanet, abin da mai bincike yake fara samu a hannunsa lamba ce: lambar asusun da kuɗin suka faɗa, ko lambar layin da aka yi kira da shi, ko lambar wayar da aka sa layin a ciki. Daga nan sai ya rubuta wa banki da kamfanin sadarwa, su ba shi suna da hoto da adireshi. Tun da bankunan Nijeriya suka shigo da BVN a 2014, aka kuma tilasta haɗa layukan waya da lambar ɗan ƙasa ta NIN daga Disambar 2020, wannan aiki ya yi sauƙi ƙwarai. Kafin a jima sai ga jami'ai a ƙofar gidan mai sunan.

Sai dai duk wanda ya san zamanmu ya san mai suna daban, mai amfani daban. Uwa tana riƙe da layin da ɗanta ya yi wa rajista, don ita ba ta da katin ɗan ƙasa lokacin. Ɗan kasuwa yana karɓar kuɗin ciniki ta asusun yaron shagonsa. Mai POS a bakin tasha yana wuni kuɗin mutanen da bai taɓa gani ba suna shiga asusunsa, yana ƙirga musu tsaba suna tafiya. Wayar da aka saya ta hannu a kasuwar Farm Centre ta Kano, Allah kaɗai Ya san hannu nawa ta ratsa kafin ta iso ga mai ita na yanzu. Ga kuma wanda abokinsa ya ce masa, “Don Allah ara mini asusunka, za a turo mini saƙo, nawa ya samu matsala,” ya bayar ba tare da ya kawo komai a ransa ba. ’Yan damfara sun san duk wannan, kuma da gangan suke bi ta nan. Ƙwararre a cikinsu ba ya karɓar kuɗin sata da sunansa.

A wannan tazara da ke tsakanin lamba da hannun da ya aikata laifi lauyan kariya yake aikinsa.

Dokar da ake gurfanar da mutane a ƙarƙashinta ita ce Dokar Laifuffukan Intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, kuma Babbar Kotun Tarayya ce take sauraron shari'o'inta. Hukunce-hukuncenta ba na wasa ba ne. Kutsawa cikin kwamfutar wani ba izini don damfara na iya kai mutum ga ɗaurin shekara 5 ko tarar naira miliyan 5. Sojan gona da bayanan wani shi ma na iya kai wa ga shekara 5. Amma wanda ya karanta sassan da kyau zai ga kusan kowanne yana ɗauke da sharaɗin sani ko niyya. Bai wadatar mai gabatar da ƙara ya nuna kuɗi sun shiga asusun wane ba. Sai ya nuna wane ya san abin da ake ciki, ko shi ne ya yi yaudarar. Sashe na 36 na Kundin Tsarin Mulki ya ce wanda ake tuhuma ba shi da laifi har sai an tabbatar, nauyin tabbatarwar kuwa yana wuyan gwamnati. A nan dole in ja kunnen masu aron asusu: dokar hana halasta kuɗin haram ta 2022 tana kama wanda ya sani, tana kuma kama wanda a hankalce ya kamata ya sani. Matashin da ba shi da sana'a, miliyoyi suka riƙa shiga asusunsa ana ba shi kamasho, zai sha wuya kafin alƙali ya yarda cewa bai taɓa zargin komai ba.

Na san akwai masu jin haushin wannan magana tun daga tushe. Wanda aka kwashe masa kuɗin fansho da kira ɗaya, ko matar da aka wawushe jarinta da saƙon banki na bogi, ba su da lokacin sauraron haƙƙin wanda ake tuhuma, kuma ban ga laifinsu ba. ’Yan Yahoo, wato ’yan damfarar intanet, sun ɓata wa ƙasar suna, sun tsiyata bayin Allah. Amma idan aka ɗaure mai POS alhali wanda ya shirya damfarar yana can yana sayen sabon layi, wanda aka cuta bai samu komai ba, an dai ƙara yawan waɗanda aka cuta ne. Kariya mai ƙarfi tana tilasta mai bincike ya bi sawun kuɗin har ƙarshe, maimakon ya tsaya a kan mutum na farko da sunansa ya fito.

Hujjar da aka ciro daga na'ura tana da nata ƙa'idojin shiga kotu. Sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya ce kafin a karɓi takardar da kwamfuta ta samar, sai an nuna cewa na'urar ana amfani da ita a kai a kai don wannan aiki, kuma tana aiki daidai a lokacin, ko kuwa matsalar da ta samu ba ta shafi ingancin bayanin ba. Akan yi haka ne da takardar shaida mai sa hannun wanda ke da alhakin na'urar. A shari'ar Kubor da Dickson ta 2012, wadda ta taso daga zaɓen gwamnan Bayelsa, Kotun Ƙoli ta ƙi amincewa da shafukan jaridun intanet da aka buga a takarda saboda ba a cika waɗannan sharuɗɗa ba. Hukuncin na zaɓe ne, amma ya zama madogara a kowace shari'ar da aka kawo bayanan banki, ko hirar WhatsApp, ko rajistar kiran waya.

Dalilin wannan tsanani a fili yake. Hoton fuskar waya, wanda mutane suke ɗauka a matsayin hujjar da ba ta da ja, yaro mai wayo zai iya ƙirƙirarsa cikin mintuna: ya adana lambarsa ta biyu da sunan wani, ya tura wa kansa saƙo, ya ɗauki hoto. Shi ya sa lauyan da ya san aikinsa yake tambayar ina wayar ta asali, wa ya karɓe ta, yaushe, a ina ta kwana, wa ya kunna ta. Masana binciken na'ura ba sa bincike a kan wayar kanta. Sukan kwafi duk abin da ke cikinta, sannan su fitar da wata doguwar lamba ta lissafi daga bayanan, wadda take kamar zanen yatsa: idan aka canja ko da harafi ɗaya a cikin bayanan, lambar gaba ɗaya sai ta canja. Idan lambar da aka rubuta ranar kamu ta yi daidai da ta ranar shari'a, an san ba a taɓa komai ba. Idan kuwa ba a fitar da ita ba sam, wayar ta yi watanni a aljihun tebur a buɗe, to akwai tambayar da mai gabatar da ƙara zai amsa. Haka ma adireshin intanet da ake cewa an gano mutum da shi: kamfanonin waya sukan raba adireshi ɗaya tsakanin masu amfani da yawa a lokaci guda, don haka sai an haɗa da ainihin lokaci da wasu bayanai kafin ya nuna layi ɗaya. Ko ya nuna layin, bai faɗi wanda ke riƙe da wayar ba.

Akwai wani sashe da iyalan waɗanda aka kama ba su cika sani ba. Dokar 2015 ta wajabta wa kamfanonin sadarwa su ajiye bayanan zirga-zirgar layi na shekara 2. Waɗannan bayanai suna iya ɗaure mutum, suna kuma iya wanke shi: su nuna layin yana Fatakwal a ranar da mai sunan yake Gusau, ko su nuna an sauya katin layin kwana ɗaya kafin a kwashe kuɗin. Shari'a a Nijeriya tana daɗewa. Lauyan da bai nemi kotu ta sa a kawo bayanan da wuri ba, zai iya tarar da wa'adin ya wuce.

Duk da haka, a ganina mafi yawan waɗannan shari'o'i tun a ɗakin ɗaukar jawabi ake rasa su, kafin a je ga wata na'ura. Mutum a tsorace, an raba shi da wayarsa, an ce masa ya rubuta kawai ya tafi gida. Idan ba ya jin Turanci sosai, jami'i ne zai rubuta, shi ya sa hannu. “Na ba shi lambar asusuna” sai ta fito a takarda da ma'anar “mun haɗa baki”. Sashe na 35 na Kundin Tsarin Mulki ya ba wanda aka kama damar yin shiru har sai ya gana da lauya ko wani da ya zaɓa, ya kuma ce a kai shi kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a kusa, ko kwana biyu. Dokar Gudanar da Shari'ar Laifuffuka ta 2015 ta tanadi a ɗauki jawabin amsa laifi a bidiyo ko a gaban lauya, ta tanadi tafinta ga wanda ba ya jin Turanci, ta kuma haramta kama ɗan'uwa a madadin wanda ake nema. A 2024 Kotun Ƙoli ta yanke cewa tanadin bidiyo da lauya wajibi ne, ba zaɓin jami'i ba. Jawabin da aka samu ta hanyar azabtarwa kuwa, Dokar Shaida ta hana a karɓe shi. Duk waɗannan suna rubuce. Abin da ya rage shi ne mutumin da ke zaune a gaban jami'i ya san da su, ya kuma samu ƙarfin halin cewa, “Ranka ya daɗe, sai lauyana ya zo.”

Wani ɓangaren Dokar Laifuffukan Intanet bai shafi kuɗi ba ko kaɗan. Sashe na 24, a yadda aka rubuta shi a 2015, ya hukunta tura saƙon da ya zama cin fuska ko aka yi don ɓata wa wani rai, da ɗaurin shekara 3 ko tarar naira miliyan 7. Da shi aka riƙa kama ’yan jarida da masu sukar manya, har da wata mata a Legas da ta rubuta ra'ayinta a Facebook a kan tumatirin gwangwani a 2023. Kotun ECOWAS ta yanke a 2020 cewa sashen ya saɓa wa ’yancin faɗin albarkacin baki. Gyaran 2024 ya taƙaita shi ga saƙon batsa, da saƙon da mai turawa ya san ƙarya ne kuma ya tura don tada zaune tsaye ko jefa rai cikin haɗari. Don haka tambayar farko da lauya zai yi yanzu ita ce ko abin da aka rubuta ya shiga wannan da'ira ma. A Nijar kuwa abin baya ya koma: dokar 2019 ta tanadi ɗauri kan ɓata suna ta intanet, aka cire shi a 2022, gwamnatin soja ta dawo da shi a 2024.

Saura batun da ya fi damuna, wato sasantawa. Doka ta yarda wanda ake tuhuma ya amsa laifi a rage masa hukunci, kuma ga wanda ya san ya aikata, wannan hanya ce mai kyau: ya mayar da kuɗin mutane, ya ɗauki hukunci mai sauƙi. Amma talakan da bai aikata ba, wanda ya kasa cika sharuɗɗan beli, iyalansa ba su da kuɗin ɗauko masanin na'ura da zai ƙalubalanci rahoton hukuma, shi ma wannan ƙofa yake gani a buɗe. Hukumar Ba da Agajin Shari'a tana nan don irinsa, sai dai lauyoyinta ba su kai yawan masu bukata ba. Ya amsa, ya biya tara, ya fito cikin makonni maimakon shekaru. Rana ɗaya zai je neman aikin gwamnati ko bizar karatu, a tambaye shi ko kotu ta taɓa samunsa da laifin damfara, kuma amsar da ke rubuce a kundin kotu ita ce e.