Yadda Gundumomin Amurka Suke Kai Bukatunsu Majalisar Jiha

'Yan'uwa manoma, duk mun san wahalar hanya. Mutum ya yi noma ya sami albarka, amma damina ta karya gada, mota ba ta iya shiga ƙauye ta kwashi hatsi. Ba mu kaɗai ke da wannan damuwa ba. A wannan fitowa za mu duba yadda aka bi da ita a Jihar Ayowa ta ƙasar Amurka, jihar da ta yi suna wajen noman masara da waken soya da kiwon aladu.

An raba Ayowa gunduma 99. Gunduma a can kamar ƙaramar hukuma take a nan. Kowace tana da zaɓaɓɓun wakilai uku ko biyar, kuma ita ce mai kula da hanyoyin karkara da gadojinsu. Amma ikonta yana da iyaka. Tun 1868 wani alƙalin jihar, John Dillon, ya yanke hukunci cewa hukumomin da ke ƙarƙashin jiha ba su da iko sai wanda jiha ta ba su. A 1978 an ƙara wa gundumomi 'yancin gudanar da harkokinsu, amma ba a yarda su ɗora haraji ba sai da izinin Majalisar Dokoki ta Jiha.

Saboda haka kowace shekara, kafin majalisa ta zauna a Janairu, gundumomi sukan rubuta bukatunsu. Suna da ƙungiya tun 1964. Wakilai su kawo shawarwari, a tace su, a zaɓi kaɗan waɗanda suka fi muhimmanci, a buga su a takarda a miƙa wa 'yan majalisa. Wasu gundumomi kuma sukan gayyaci ɗan majalisarsu ya zo ya ji da kunnensa.

Ga misali. Yawancin gyaran hanya a can ya dogara ga asusun da harajin man fetur yake shiga, gundumomi kuma suna samun kusan kashi ɗaya cikin uku na asusun. Daga 1989 ba a yi wa harajin wani ƙarin kirki ba, alhali tsadar aiki tana ta hauhawa. Gadoji suka tsufa, har aka kafa wa waɗansu allon hana manyan motoci hawa. Manomi da lodin masara sai ya yi dogon zagaye kafin ya kai kasuwa. Shekara bayan shekara gundumomi suna maimaita wannan kuka, babbar ƙungiyar manoman jihar kuma ta mara musu baya. A 2015 majalisa ta ƙara senti 10 a kan kowane galan, Gwamna Terry Branstad ya sa hannu. Manomi ma yana biyan ƙarin a gidan mai, kuma kuɗin bai gyara dukan gadoji ba, amma an sami abin fara aiki.

Me za mu koya? A Nijeriya akwai ƙananan hukumomi 774, su ma Majalisar Dokoki ta Jiha ce take yin dokar da suke aiki a ƙarƙashinta. Mutanen Ayowa ba su kai bukata ashirin ba, ba su kuma jira sai an gama kasafin kuɗi ba. Ƙungiyarmu ma tana iya zama bayan girbi ta zaɓi abu biyu ko uku. Kada mu ce kawai "muna son hanya". Mu faɗi sunan rafin, da ƙauyukan da yake rabawa da kasuwa, da buhunan da suka maƙale bara. Sakatare ya rubuta, a kai wa kansila da ɗan majalisarmu, a ajiye kwafi a littafin ƙungiya. In ba a yi bana ba, baɗi mu sake kai ta.